Kifin Tungar Baushe

Rana ta faɗi, ladanin unguwa yana gyara murya a lasifika, lokacin da dutse na farko ya faɗo gidan Ummaru a Malumfashi. Matarsa Raudatu tana durƙushe gaban murhu tana soya kifin da suka zo da shi daga yawon da suka je a ranar. Dutsen ya dira a tsakiyar kaskon, mai ya fallatsar mata a hannu, ta kurma ihu ta miƙe. Ummaru ya fito da buta a hannu yana zagin 'ya'yan maƙwabta, sai na biyu ya faɗo daidai ƙafarsa. Da ya sunkuya ya ɗauka, sai ya bar zagin. Dutsen jiƙe yake sharkaf, ga gansakuka kore shar a jikinsa, alhali garin ya yi wata biyar bai ga ɗigon ruwan sama ba.

Da safiyar ranar babu wanda ya kai su farin ciki. Bazara ta yi tsanani, ɗaki ba ya shiguwa, sai maƙwabcinsu Luka, malamin makaranta mai wata tsohuwar mota, ya ce su je Tungar Baushe su sha iska. Ɗan ƙaramin gari ne a bakin dam, tafiyar awa ɗaya. Luka da matarsa Rahab suka shiga gaba, Ummaru da Raudatu suka matsu a baya, 'yarsu Najiba a tsakiya. Shekarunta goma sha uku, kuma ita kaɗai Allah ya ba su bayan dogon jira. Duk zafin kan Ummaru, in Najiba ta yi tari sai ya ajiye abin da yake yi.

To amma Ummaru mutum ne da ba ya iya fita yawo don yawo kawai, sai ya haɗa da wani aiki. Yana da lambun tumatir, kuma injin feshinsa na goyo ya kwana biyu da sauran maganin ƙwari a ciki. Raudatu ta hana shi wanke shi kusa da rijiya, shi kuma yana ƙyashin ɓata ruwan 'yan garuwa a kansa. Da ya ji za a je inda ruwa yake kyauta, ya lallaɓa ya cusa injin a but ɗin motar, yana jin babu mai wayonsa.

Garin ya yi musu daɗi. Iska mai sanyi tana tasowa daga kan ruwa, mata suna bandar kifi a ƙarƙashin rumfuna, masunta suna ɗinkin koma a inuwa. Raudatu da Rahab suka duƙufa tayin tarwaɗa suna dariya. Luka ya shigar da Najiba kwalekwale, ta riƙe gefensa da hannu biyu tana ihun murna. Bayan azahar, da kowa ya ci ya yi nak, Ummaru ya saɓa injinsa ya zagaya bayan wasu duwatsu.

A can ya tarar da wani lungun ruwa a gindin wani babban baushe, shiru, ruwan garai-garai. Babu sawun shanu a bakinsa, babu na mutum, babu ko guntun koma. Mai hankali da ya tambayi kansa dalili. Ummaru kuwa daɗi ya ji don babu mai yi masa magana. Ya kwance murfin, ya tuntsurar da sauran maganin, ya ɗauraye sau uku. Ruwan ya yi fari kamar an zuba nono. Can sai ga wasu 'yan kifaye uku farare sun taso, cikinsu a sama.

"Ɗan nan, me ka zuba?"

Wata tsohuwa ce tsaye a kan dutse da ɗaurin itace a ka. Ya gaishe ta, ya ce ɗan wanki ne kawai.

"Mu da aka haifa a garin nan ko alwala ba ma yi a wurin nan," in ji ta. "Ba ka tambaya ba?"

Kafin ya amsa Najiba ta ɓullo da gudu tana kiran sa, wai za a tafi. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta.

"'Yarka ce? Ita kaɗai gare ka?"

Ya ce e. Ta juya ta yi tafiyarta. Shi kuma bai faɗa wa kowa ba, don ya san bakin Raudatu.

Jifan ranar farko ya tsaya da aka idar da sallah. Washegari da magariba ya dawo, ya fi na jiya. Duwatsu suka riƙa ratsa kwanon rufi kamar takarda, ɗaya ya fasa wa Raudatu goshi. Randar ruwa ta tarwatse ba wanda ya taɓa ta. Daga cikin rijiya aka ji muryar mace tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, sai ta yi shiru, ta sake farawa. Raudatu, jini yana bin fuskarta, ta dube shi ta ce, "Baban Najiba, me muka yi wa wa?" Ya sunkuyar da kai. Ya gane ƙirgar sarai, kifayen nan uku ne, amma ya ɓoye mata don tsoro da kunya.

A rana ta uku abin ya bar duwatsu ya kama yarinyar. Tana shara da yamma sai ta yar da tsintsiya, ta tafi kai tsaye ta dulmiya kanta cikin bokitin wanki. Ummaru ya fizgo ta. Ta juyo da idanu jajur, ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta maka shi da bango, har haƙorinsa ya fita. Ta shiga buga kanta da ƙasa, tana aman ruwa mai laka da ƙarnin kifi. Ihun Raudatu ya kawo Luka da wasu maza biyu, su huɗu suka danne 'yar yarinyar nan da kyar, ta ciji ɗaya a kafaɗa har sai da ta cire tsoka.

Da ta lafa, Luka yana haki ya ce, "Malam Ummaru, ni dai zan yi nawa roƙon. Amma tashi mu je garin Ƙarfi mu ɗauko malamin nan naku mai ruƙiyya, wannan ya wuce ƙarfinmu."

A hanya ne Ummaru ya fashe da kuka ya faɗa masa komai. Luka ya ƙara taka mota.

Malam Abdussamad ɗan siriri ne, tsoho, ba ya ɗaga murya. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce su koma gida, zai zo gobe. Washegari bayan la'asar ya iso gidan, ya sa aka shimfiɗa Najiba a tabarma a tsakar gida, mata suka lulluɓe ta. Sannan ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Ummaru.

"Duk abin da za ku ji, ni kaɗai zan amsa. Kada wanda ya yi magana da shi. Musamman kai."

Ya zauna daidai kanta ya fara karatu. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe tsakar gidan. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Ba a jin komai sai muryar malam, sannu-sannu, ba ya gaggawa. Da ya kai Ayatul Kursiyyu karo na bakwai, jikin yarinyar ya banƙare, ƙasusuwanta suna ƙara. Bakinta ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito, a dishe kamar ta wadda ta kwana uku tana kuka.

"Daina ƙona ni, tsoho. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce. Gidana yana gindin baushe tun kafin a tare ruwan nan. 'Ya'yana uku suna wasa a ƙofar gida, wancan ya zo ya zuba musu guba. A hannuna suka mutu."

"Bai sani ba. Kuskure ne, kuma yana neman gafara. Ki ji tsoron Allah, yarinyar nan ba ta yi miki komai ba."

"Nawa me suka yi masa? Uku ya kashe mini. Ɗaya kawai na tarar a gidansa, ita zan ɗauka, har ya ci riba."

Raudatu ta zube a ƙasa, Rahab ta rungume ta. Malam ya ɗaga murya a karo na farko, ya ci gaba da karatu. Najiba ta riƙa birgima tana kururuwa, fatar wuyanta tana tashi kamar an ɗora mata wuta. Can muryar ta dawo tana nishi.

"Tsaya! To, na rage. Ko yarinyar, ko hannun da ya zuba. Ya zaɓa da bakinsa."

"Babu ciniki tsakaninmu," in ji malam. "Za ki fita ba da komai ba, ko ki ƙone a nan."

"Zan ƙone. Amma sai ta riga ni."

Nan take ruwa ya fara ɓulɓulowa daga hancin Najiba da bakinta. Tana kwance a busasshiyar tabarma, amma nutsewa take yi. Ƙafafunta suna shure-shure, yatsunta suna yagar tabarma, leɓɓanta suka koma baƙi. Malam yana karatu da sauri, gumi yana ɗiga daga gemunsa, ya ɗaga wa Ummaru hannu alamar ya daure. Wataƙila da an ƙara minti ɗaya da malam ya yi nasara. Allah kaɗai ya sani. Ummaru dai ya ga idon 'yarsa ya juye ya koma fari, ya ga shure-shuren yana raguwa, zuciyarsa ta kasa.

Ya rarrafa ya miƙa hannunsa na dama.

"Ga shi! Ɗauki, ki bar mini ita!"

Hannun yarinyar ya cafke wuyan hannunsa. Ya ji sanyi ya ratsa shi har kafaɗa, sannan aka murɗe. An ji ƙarar har zaure, kamar an taka busasshen kara. Ummaru ya yi wata irin ƙara ya faɗi. Najiba ta yi atishawa sau uku, ruwan ya tsaya, jikinta ya saki. Wata iska mai ƙarni ta bi ta kan katanga ta wuce, ladan kuma ya ɗaga kiran magariba.

Malam Abdussamad ya juyo wurin Ummaru. "Na ce kada ka yi magana," ya faɗa a hankali. Ya dubi yarinyar tana numfashi, ya dubi uban, bai iya ƙarasa faɗan ba.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure hannun, amma ya ja Raudatu gefe ya gaya mata gaskiya. Ƙashi zai haɗe, sai dai hannun ya riga ya mutu, ko allura aka soka ba ya ji. Manomi ne, da wannan hannun yake riƙe fartanya.

Sai da hantsi Najiba ta farka. Ba ta tuna komai ba tun daga sharar nan. Ta ce ƙishirwa take ji. Raudatu ta ɗebo ruwa a moɗa, Ummaru ya ce a ba shi, shi zai ba ta. Ya ja mayafi ya rufe kafaɗarsa ta dama, ya durƙusa a gabanta ya miƙa mata, ruwan yana tangaɗi yana zuba. Ta dubi moɗar, ta dubi fuskarsa, ta ɗan ɓata rai irin na 'yar gata.

"Baba, da hagu kake ba ni?"

"Sha dai, uwata," in ji shi. "Sha."