Salular Marigayi a Hannuna

"Gado, wa ya aike ka? Wata uku kacal da fara koyona, ka je ka ce wa innarka ni gwana ce!"

"Haba sheri, ai ke gwana ce..."

"Sheri? Kar ka kira ni da sunan soyayya a bakin kasuwa!"

Ya yi dariyar nan tasa da ke kashe mini jiki, ya ajiye wata tsohuwar salula a kan teburin rumfar yayana Idris, inda nake taya shi cajin waya da ƙananan gyare-gyare a kasuwar Dutsi.

Shekara biyu muna soyayya da Gado, abu ɗaya ya tsaya mana a wuya: mahaifiyarsa, Inna Ladidi. Labari ya iske ta har Tibiri cewa ni Mubaraka ina wuni cikin maza ina kwance wayoyi. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce to ba. Duk lokacin da ya tayar da zancen aiko magabata sai ta ce a bari a ga damina.

"Ta marigayi Baba ce," in ji shi. "Wasap ya daina buɗewa, an ce ta tsufa. Na ce in saya mata sabuwa, ta ce ita wannan take so. Anjima za ta iso da kanta ta karɓa."

Na san maganin, a bidiyo dai. Sai a buɗe makullin da kamfani ya sa wa wayar, abin da masu aikin ke kira rut, a zubar da tsohon tsarinta, a zuba wani sabo da masu sani suka ƙera don irin waɗannan tsofaffin. Sau ɗaya na taɓa gwadawa a wata wayar Idris, kuma har yau da ita muke danne takardu kada iska ta kwashe.

Amma ni Mubaraka, a ce na kasa a gaban uwar miji? Na jawo ordinatar Idris, wato kwamfutarsa, na jona wayar.

Kafin azahar na kai wurin makullin. Rubutu ya fito da Faransanci: duk abin da ke cikin wayar zai goge.

"Danna kawai, rabin raina. Inna ba ta ajiye komai, ko karatu ba ta yi ba."

Yatsana har ya kusa sauka, sai na tsaya. Mace ta ƙi sabuwar waya saboda wadda ba komai a cikinta? Na ce ya je ya yi salla. Yana bacewa na shiga cikin ma'ajiyar wayar ina dubawa, sai ga saƙonnin murya jere, fiye da ɗari, duk daga lamba ɗaya, na shekarun da Baba yake ci-rani a Kwatano. Ashe da zai tafi, lambar Inna ya zuba a ciki ya bar mata wayar, yana aikowa daga can tana karɓa.

Na taɓa ɗaya. Wata murya mai kauri ta ce, "Salamu alaikum, Ladidi..."

Na kashe da sauri, kunya ta rufe ni kamar na leƙa ɗakin surukai. To wannan ne gyaran da take nema! Macen da ko sunan mijinta ba ta taɓa faɗi ba, yaya za ta dubi ɗan cikinta ta ce muryar ubansa take marmari?

Na kwashe su duka na zuba a ordinata. Masu koyarwa sun ce a saurari abin da aka kwafa a tabbatar ya kwafu lafiya. Ban iya ba. Wace ni da sauraren abin da suruki ya faɗa wa matarsa? Na yi bismilla na danna, komai ya goge.

Zubin farko, wayar ta yi baƙi ƙirin. Na danna, na girgiza, shiru. Gado ya dawo ya iske ni zufa na ɗiga daga haɓata.

"Lafiya, masoyiyata?"

"Rufe mini baki, Gado, don Allah!"

Na koma na karanta lambar da ke ƙarƙashin batir harafi-harafi. Ashe tsarin da na sauke na wata waya ƙanwar wannan ne, harafi ɗaya ya raba su. Na nemo na daidai, na sake zubawa. Ana cikin haka inuwa ta rufe teburin, na ɗaga kai na ga wata doguwar dattijuwa da mayafi ruwan toka.

Na durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Inna. An zo lafiya?"

"Lahiya lau. Ke ce mai gyaran?"

"Ni ce, Inna."

Ta zauna a benci, idonta a kan wayar, ba a kaina ba. Wata alama na ta juyawa a fuskar salular, minti biyar, minti goma. A raina babu surar da ban karanta ba. Can sai ta yi haske, ta buɗe tsaf kamar yau aka fito da ita daga kwali.

"Kin gani, Inna!" Gado ya daka tsalle. "Ban gaya miki ba? Duk Dutsi babu kamarta!"

Na mayar da muryoyin ba tare da ya lura ba, na sa Wasap, na miƙa mata da hannu biyu. Ta shiga, yatsanta ya tafi kai tsaye inda ya saba zuwa. Babu komai a wurin, fari fat. Ta ja sama, ta ja ƙasa. Na ga leɓenta ya motsa sau ɗaya.

"Madalla," ta ce a hankali. "Ta gyaru. Mu tahi, Gado."

Zuciyata ta karye. Wato haka za ta koma Tibiri da wannan rashi, ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Gado, Inna ta sha hanya, ko ruwa ba ka kawo mata ba? Je ka wurin Sama'ila can ƙarshen layi, nasa ya fi sanyi."

Yana tafiya na matsa kusa da ita, na nuna mata wata 'yar alama da na ajiye ita kaɗai a tsakiyar fuskar wayar.

"Inna, ki taɓa nan, ki kai kunne."

Na juya baya ina tattara igiyoyin caji da ba su buƙatar tattarawa. Ban san ko muryoyin za su yi magana ba. In ba su yi ba, ni na kashe su da hannuna.

Sai na ji ta, ƙasa-ƙasa, muryar nan mai kauri. Na toshe kunnena da yatsa, hawaye na zuba.

An jima na ji an kama wuyan hannuna. Idonta jajir, amma fuskarta a daidaice.

"Ke saurara?"

"Sallamar kawai na ji, Inna, na kashe."

"Shi hwa? Ya sani?"

"Bai sani ba. Ba kuma zai ji daga bakina ba."

Ta daɗe tana kallona, hannunta bai saki nawa ba. Sannan ta ƙulle wayar a bakin mayafinta.

"Ɗiyata, ki hwaɗa ma babanki, baffannin Gado na nan tahe ran Lahadi."

Gado ya iso da ruwa, ya dube ta, ya dube ni. "Me ya faru? Wa ya sa ku kuka?"

"Ba ruwanka," muka ce tare.

Yau shekararmu huɗu da aure, rumfa tawa ce ta kaina, kuma har gobe yana bugun ƙirji a majalisa wai gwanintata ce ta sace zuciyar innarsa. Nakan bar shi ya yi ta faɗi. In mun je Tibiri, Inna takan miƙo mini salular ta ce in duba mata ita, mu shiga ɗaki mu biyu mu turo ƙofa, shi kuwa yana waje da 'yarmu a kafaɗa yana tambayar me muke ɓoyewa.