Fuskar Philip a Kwamfutar Saja Yari

Ko sallama Rebecca ba ta yi ba ta faɗa shagon Haggai da ke bayan tashar Zuru, tana haki. Shi kuwa yana sunkuye kan wata firinta da ya farke. Yana ɗago kai ya ganta, sai gogan ya manta abin da yake kwancewa.

"Kai ne mai gyaran kwamfuta? Don Allah taso, na kashe ta Babana."

A kan mashin ta ba shi labari. Kwamfutar ta yayanta Philip ce, soja, wanda ya tafi aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan bai dawo ba. A cikinta akwai bidiyonsa guda tak, yana rawa a Uhola, bikin girbi na ƙasar Zuru. Kowace Lahadi bayan coci mahaifinsu, Saja Yari mai ritaya, zai tada janareto ya zauna ya kalli ɗansa, ko tari ba mai yi a gidan. Ganin idon tsohon ya fara rauni, ta ce bari ta ƙara wa hoton kyau. Tana danna wani wuri, sikirin ya koma baƙi ƙirin.

"Na goge Philip, ko?" ta tambaya tana kuka.

"Ba ki goge kowa ba. Kin dai ɗora wa sikirin kayan da ya fi ƙarfinsa. Daina kuka mana, kada ki sa ni ma in fara."

Tsohuwar Windows 98 ce. Ya yi ta danna maɓallin F8 har ta buɗe ta hanyar gaggawa, sai ya tarar direban hoto ya lalace, wato ɗan abin da ke koya wa kwamfuta yadda za ta zana launi. Ya cire shi, kwamfutar ta nemi faifan direban, faifai kuwa ya bi Philip ko ya bi ɓera, babu wanda ya sani. Da suka buɗe bidiyon, Rebecca ta toshe baki. Fuskar yayanta ta fito dabbare-dabbare, kore da toka, babu ido babu haƙori.

Daidai nan Saja Yari ya shigo daga gona.

"Mi kuka yi wa ɗana?"

Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ya nuna wa Haggai ƙofa da fartanyar da ke hannunsa, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa.

Da yamma Kofur Joel ya zo, abokin marigayi Philip, wanda Baba ya daɗe yana so ya zama surukinsa. Da zuciya ɗaya ya ce ranar Asabar zai kawo wani daga bariki ya wanke kwamfutar tas ya sa sabuwar Windows XP. Rebecca ba ta gane abin da wankin ke nufi ba. Ta laɓe bayan rumbu ta tura saƙo:

"Haggai, wai za a wanke ta ran Asabar. Mi ke nan?"

"Kada ki yarda! Komai zai tafi har Philip. Buɗe murfin gefe ki karanto min rubutun da ke kan katin da wayar sikirin ke shiga. Kin ci abinci, Beki?"

"Ban iya ci ba. Wa ya ce ka kira ni Beki?"

"Zuciyata. Ba ta jin magana."

Washegari, Baba na fita gona, ta ɗauki wuƙar yanka kuɓewa ta kwance kusoshin. Ko kaza ta yi motsi a tsakar gida sai ta zabura. Ta kwafe rubutun ta tura masa, ta mayar da murfin, zufa ta jiƙa mata riga.

Daga nan Haggai ya yi shiru. Ta kira, a kashe. Ta je tasha, shago a kulle, mai shayin gefe ya ce ai yaron ya gudu, wa zai tsaya Saja Yari na nemansa? Ta dawo gida tana jin haushin kanta da ta yarda da daɗin bakin baƙo. Duk da haka ta tura masa: "Injiniya, in tsoro ne, ni ma ina ji. Ka dawo kawai."

Asabar ta zo, mutumin Joel ya zauna gaban kwamfuta yana fito da faifansa. Sai ga ƙarar mashin a ƙofar gida, ga Haggai ya yi futu-futu, idanu jawur. Kontagora ya je neman direban a shagon intanet, layi na yankewa yana sake farawa, cajin wayarsa kuma ya ƙare.

Saja Yari ya miƙe. Rebecca, wadda ba ta taɓa tsayawa a gabansa ba, ta durƙusa tsakaninsu.

"Baba, ni na ɓata, ba shi ba. In aka wanke ta, Yaya Philip ya tafi ke nan. Ka bar shi ya gwada."

Tsohon ya dubi Joel, Joel ya dubi mutuminsa, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, wanki ba ya barin komai.

"In ya ɓace a hannunka fa?" in ji Baba, yana duban Haggai.

"Ba za ka ƙara ganina ba, Baba, ko da yake a gidan nan zan bar zuciyata."

Haggai ya saka faifan da ya zo da shi, ya nuna wa kwamfutar inda direban yake, ta nemi a kashe a kunna. Sikirin ya yi baƙi. Ya daɗe a baƙi, har Rebecca ta rufe ido tana kiran sunan Yesu a ranta. Sai ta ji ganguna. Ta buɗe ido, ga Philip da wushiryarsa yana dariya, ƙura na tashi a ƙafafunsa. Saja Yari ya kai hannu ya shafi gilashin, hawaye na bin gemunsa. Joel ya ƙame ya sara wa abokinsa, ya fita a hankali, bai ƙara zancen Rebecca ba.

Kada a ɗauka tsohon ya sauko da arha. Da dangin Haggai suka zo tambaya, cewa ya yi kwamfuta ba ta noma dawa, sai yaro ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa surukinsa. Da damina Haggai ya kwaso abokansa suka shiga gonar Saja Yari, hannun nan mai laushi ya yi kanta, Beki na kai masa kunu tana tsokanarsa.

Bayan girbi aka ɗaura aure a coci. Saja Yari ya kama hannun ɗiyarsa ya sa a na Haggai.

"Na yi rashin ɗa, yau Ubangiji ya ba ni wani. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya raba gidanku da tsoro."