Wasiƙun da Suka Ɓace Ranar Shiga Kotu

Tara da rabi na safe wata malamar jinya ta faɗo ofishin Sufeton 'yan sanda, kwamfuta rungume a ƙirji, mayafi na jan ƙasa.

"Yallaɓai, na shiga uku! Ƙarfe biyu za mu shiga kotu. Wasiƙun barazanar da tsohon mijina ya turo mini ta imel su ne kaɗai hujjata. In babu su, alƙali zai ba shi 'yata."

"Ina suka tafi?"

"Jiya aka sabunta manhajar kwamfutar gaba ɗaya. Yau na buɗe imel, wayam! Sai ce mini yake in sa adireshi, kamar bai taɓa sanina ba."

"Babu kwafi a intanet?"

"Tsoro na ji kada ya shiga ya goge, shi ya sa na sauke su duka a nan."

Sufeto ya miƙa kwamfutar ga Kofur, macen da duk ofishin ke kai wa kuka in na'ura ta yi gardama. Ya sa aka ɗauko mai gyaran da ya taɓa ta jiya.

"Wallahi batir kawai na canza!"

Sufeto ya ce, "Batir ke cin awa uku? Kofur ta ga lokacin da aikin ya ɗauka."

Da ƙyar mai gyaran ya ce, "Yayanta ne ya kawo ta. Ya zauna da ita a benci, sannan ya ce in sabunta komai."

Sha biyu ta gota. Malamar ta kasa zama, sai kai da kawo take, tana kallon agogon bango.

Kofur ta ɗago. "Yallaɓai, sabuntawar ba ta cinye komai ba, tana ajiye tsofaffin kaya a gefe. Jakar wasiƙu kaɗai ce babu. Minti ashirin kafin a fara, an soka filashi, 'yar ma'ajiyar bayanai, an kwashe ta, ga sunan filashin nan ma ya fito."

Aka kirawo yayan, malamin makaranta ne, ya iso yana huci.

"Ni? Ko kunna ta ban iya ba!"

Sufeto ya ce, "To wa ya sa wa filashi suna 'Jarrabawar Aji Uku'? Kawo makullanka."

Ga shi nan kuwa, yana reto a jikin makullin mota. Ashe gogan ya ɗauka sabuntawa za ta share sawunsa. Ya zube a kujera.

"Tsohon mijinta abokina ne tun muna yara. Ya ce in ta rasa shari'ar, dole ta bi 'yarta ta koma ɗakinta. Gyara na so yi."

Kofur ta mayar da jakar, wasiƙu arba'in da ɗaya suka jeru. Malamar ta fashe da kuka, ta juyo da fuskar kwamfutar wajensa.

"Yaya, gidan da kake son in koma, ka karanta ko guda ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban karanta ba."

Aka sa masa ankwa aka wuce da shi. Ita ko waiwaye ba ta yi ba, saura minti ashirin a kira shari'arta.