Gurbin da Ke Cikin Hoton

Bayan la'asar sakaliya Sadiƙa ta matsa wa yayanta Muktar ya kai ta bakin kogin Binuwai a babur. Takarda take rubutawa a jami'ar Ngawundere kan gidan ƙanƙarar kakansu, Alhaji Ɗanmalam, wanda a da duk mai kifi a Garuwa ya san ƙofarsa. Yau ko allon sunan babu. Abin da ya rage mata hotuna bakwai ne a ambulan.

A shida daga ciki ma'aikata sun jeru gaban ƙofa, amma kullum da gurbin mutum ɗaya a tsakiya. A na bakwai wani sabon ma'aikaci, Wilfried, ya cike gurbin yana dariya.

Da safe ta nuna wa Baba Abdussalam, tsohon mai saran ƙanƙara. Sai ya kife hoton.

"Wurin mai wuri ne, jikata. Mun tarar da shi a nan, muke bar masa. Yaron nan baƙo ne, bai sani ba. Daga ranar ba a sake ganinsa ba, ƙanƙara kuma ta ƙi daskarewa."

Sadiƙa dai 'yar boko, ta rubuta, ta yi murmushi.

Da suka isa, kango suka tarar, sai bango ɗaya da bakin ƙofa. Rana ta yi ja, zafi kamar a tanda.

"Hamma, tsaya can a ga tsawon ƙofar," in ji ta ga Muktar, da sunan da take kiran yayan nata.

"Ke dai kin fiye fitina. Yi maza, magariba ta kawo jiki."

Ta ɗaga tsohon hoto tana daidaita shi da bangon. "Matsa hagu. Kaɗan. Yauwa, nan."

Kwaɗin kogi suka yi tsit.

Warin ɗanyen kifi da jiƙaƙƙiyar dusar katako ya taso. Bayan bangon, inda ba komai sai ciyawa, aka fara sara. Ƙwas. Ƙwas.

Ta sauke hoton, ta ɗaga waya. A nan ta gane kuskurenta. Da bakinta ta kai Muktar tsakiyar gurbin.

A fuskar wayar mutane sun jeru dama da hagunsa. Ɗaya ba ya dariya yanzu. Wilfried ne, yana girgiza mata kai.

"Sadiƙa," Muktar ya ce a hankali, tururi na fita daga bakinsa. "Wa ya dafa ni?"

"Hamma, taho."

"Ƙafata ta ƙi."

Ta yar da wayar. Ta ruga tana Ayatul Kursiyyu, ta cafki rigarsa. Sanyi ya ƙone mata tafi. Ta ja. Aka ja.

"A gafarce mu, mai wuri! Ni na sa shi, bai sani ba!"

Rigar ta yage. Suka zube a ƙasa mai zafi, daidai lokacin da aka kira salla a tsallake.

Ko babur ba su ɗauka ba sai washegari.

Sadiƙa ta canza batun takardarta. Muktar ya warke, sai kafaɗar hagu da ba ta gumi ko a watan Afrilu. Bana aka yi sunan 'yarsa, dangi suka matsu a hoto har ana taka juna. Da hoton ya fito, gefen hagunsa akwai gurbin mutum ɗaya, kuma kowa ya rantse bai matsa ba.