Ni Na Ce Ya Cire Rigar

"Baba, ka dube ni ka sake faɗa!"

Baba bai ɗago ba. Ya ci gaba da naɗe taliyarsa a cokali mai yatsu kamar ba da shi nake ba.

"Kin ji ni sarai. In aka ci mu a wasan gobe, 'yan wasa za su cire rigunan."

"Har da Cosimo?"

"Da shi za a fara. Ba shi ne kyaftin ba?"

Na ture farantina har miyar tumatir ta fallatsa a mayafin tebur.

"Saura sati shida bikinmu fa, Baba! An kira sunanmu a coci, an sanar da auren! Da hannunka ka ba shi ni!"

"Nunzia, zauna ki ci abinci."

"Ba zan ci ba!"

Babana Saverio mai gasa burodi ne, mutum mai sanyin magana daga Litinin zuwa Asabar. Ran Lahadi kuwa sai ya rikiɗe. Shekara talatin ke nan shi ke jagorantar magoya bayan Torrevento, ƙungiyar ƙwallon garinmu, masu tsayuwa a bayan raga. In ya ɗaga hannu a yi waƙa, in ya sauke a yi tsit. Tun rasuwar Mama ina 'yar shekara bakwai nake tsayawa a gefensa, don haka ba wanda zai gaya min yadda wurin nan yake.

Bana kamar an yi mana baki. Wasa tara a jere ba mu ci ko ɗaya ba, saura biyu a rufe kaka, ƙafarmu ɗaya ta riga ta zura rukunin ƙasa. An yi ihu, an rataye tutoci a kife, an yi zaman kurame na rabin wasa, duk a banza. Abin da ya rage shi ne hukuncin ƙarshe: a kira 'yan wasa gaban shinge, kowa ya cire rigar ƙungiya ya ajiye a ƙasa, alamar bai cancanci saka ta ba. Baƙon ɗan wasa zai cire ya hau mota ya manta. Amma Cosimo ɗan unguwarmu ne.

"Baba, allura ake masa a gwiwa kafin ya shiga fili. Ka sani!"

"Na sani."

"To ka ɗaga masa ƙafa mana..."

"Gobe a ce Saverio ya sayar da bayan raga saboda suruki?" Ya ajiye cokalin. Sai a lokacin na ga idonsa ya yi ja. "Abu ɗaya nake roƙonki, 'yata. Gobe, duk abin da kika gani, kar ki sa baki."

Ni da shiru kuwa ba mu taɓa shiri ba. Na fizgi jakata na fice.

A bakin teku na same shi, zaune kan katangar da masunta ke shanya raga, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Yana ganina ya yi murmushin nan nasa da ke kashe min jiki.

"Wa ya taɓa min amarya?"

"Cosimo, in an ci ku gobe Baba zai sa ku cire riga."

"Na ji. Mai naman layinmu ya gaya min, bayan ya ƙi amsa gaisuwata."

"Ka cire."

Murmushin ya gushe.

"Me kika ce?"

"Ka cire kawai, masoyina. Minti ɗaya ne a wuce wurin. Yadi ne fa!"

"Yadi?" Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Ke 'yar Kawu Saverio, ke ce kike ce mata yadi? Ina shekara tara na fara saka ta. Sau biyu ƙungiyoyin arewa suna nemana na ƙi tafiya, saboda ita, saboda ke."

"In ka ƙi, ka kunyata Baba gaban mutum dubu huɗu! Kana ganin zai sake barinka ka taka gidanmu? Ni zan shiga uku, Cosimo! Shi kaɗai ya rage min, kai kuma ba zan iya rayuwa ba kai ba..."

Kuka ya ci ƙarfina. Ya jawo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa.

"Rabin raina, ki yarda da ni."

"Ka min alƙawari."

"Ki yarda da ni kawai. Ƙila ma mu ci, wa ya sani? Ko makaho yakan yi tsintuwa."

Na yi dariya cikin hawaye, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Gaba kura baya sayaki, haka na koma gida.

Ran Lahadi rana ta take. Fili ya cika maƙil, har tsofaffin da suka daina zuwa sun zo da sandunansu. Minti ashirin na farko mun yi waƙa har maƙogwaro ya bushe. Sai golanmu ya fito kamun ƙwallo ya kama iska.

Ɗaya.

"Kai gola! Kaji kake kamawa?"

"Kakata ta fi ka tsalle, kuma tana kabari!"

Cosimo ya yi ta faɗi-tashi a baya, yana ɗingishi yana tare ƙwallo da kai, da ƙirji, da duk abin da ya samu. Ina ganin yadda yake cije leɓe duk sanda ya dira a kan ƙafar. Saura minti biyar a tashi suka ƙara ta biyu. Wani dattijo a bayana ya zauna daɓas ya rufe fuska da hula yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Alƙalin wasa ya hura usur. Baba ya hau shinge ya ɗaga hannu.

"Ku zo nan!"

Suka taho kai a sunkuye, Cosimo a gaba.

"Riguna! Riguna! Ku cire!"

Ƙarar ta cika filin har ina jin ta a haƙorana. Cosimo ya tsaya gaban Baba, bai motsa ba. Sauran suka gaji da jiransa. Gola ya fara cirewa, sai na kusa da shi, sai na gaba. Rigunan ja da fari suka taru a kan ciyawa.

Saura shi kaɗai.

Ya damƙe tambarin ƙirjin rigar da hannu ɗaya, hawaye na zuba, idonsa cikin na Baba. Baba ma ya ƙura masa ido. Samari suka fara girgiza shingen.

"Don surukinka ne?"

"Saverio, ka yi magana!"

Wani ya jefo robar ruwa ta wuce ta gefen kunnen Cosimo. Na dubi Baba, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Na ce shi ke nan, yanzu zai furta kalmar da za ta raba ni da Cosimo har abada. Ban san sanda na ture mutane na manne da shingen ba.

"Cosimo! Ka cire! Don Allah ka cire ta!"

Daidai lokacin Baba ya ɗaga hannu, jama'a suka yi tsit. Muryata kaɗai ta rage a sama.

"Ka cire rigar nan!"

Cosimo ya juyo a hankali. Har in mutu ba zan manta kallon da ya yi min ba. Babu fushi a ciki, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Ya saki tambarin, ya kama wuyan rigar ya zare ta. Bai jefa kan sauran ba. Ya ninke ta, ya durƙusa da gwiwar mai ciwo ya ajiye, ya juya ya tafi yana ɗingishi.

Ni kuwa, sakarya, har ajiyar zuciya na yi. Na ɗauka na ceci aurena.

Da yamma na tarar da Baba a kicin, ko takalmi bai cire ba. Kofin gahawar da na haɗa masa ya huce a gabansa.

"Baba, ai ya yi maka biyayya. Komai ya wuce ko?"

Ya ɗago.

"Me na roƙe ki jiya?"

"Na ga za ka..."

"Kin ga zan yi me?" Ya buga tebur. "Don me kike zaton na ɗaga hannu? Sakan biyar, Nunzia! Sakan biyar ya rage in ce musu, wannan namu ne, ya riƙe rigarsa!"

Na dafa kujera.

"Duk wanda ya tashi a bayan raga ya san wannan," in ji shi. "Wanda ya cire ya amsa laifi. Wanda ya tsaya, aka zage shi aka jefe shi bai saki ba, shi ne ɗan gida. Kafin a haife ki an yi haka, ni da kaina na tsallaka na rungume yaron. Tun jiya nake addu'a Cosimo ya ƙi. Da ba wanda zai ce na yi son kai, da idonsu suka ga ya tsaya."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"In gaya miki ki gaya masa, ya zama haɗin baki? Dole daga zuciyarsa ta fito. Kuma ta fito! Yaron nan ya tsaya!"

Ya kifa kai a tebur. Rabon da in ga Baba yana kuka tun jana'izar Mama. Shekara goma sha takwas ina tsaye a gefensa, na haddace kowace waƙa, ashe abu ɗayan da ya kamata in sani ban sani ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

Na kira wayar Cosimo har na gaji. Na je gidansu, mahaifiyarsa ta leƙo ta taga ta ce ba ya nan, alhali ina hango inuwarsa a labule. A gari kuwa, masu zaginsa jiya suka koma kawar da kai in ya wuce, wanda ya fi zagin ciwo.

Lahadin da ta biyo suka buga wasan ƙarshe a waje. Aka ci mu ɗaya da nema, muka faɗa rukunin ƙasa. Garin ya yi shiru kamar an yi mutuwa.

Ran Talata da safe ƙanwarsa ta turo min saƙo: "Motar ƙarfe goma. In kina son ganinsa."

Da gudu na isa tasha, garin fulawa duk a hannuna. Yana tsaye da jaka ɗaya.

"Cosimo! Tsaya ka ji! Baba so yake ka ƙi! Wallahi hannun da ya ɗaga..."

"Na sani."

Na yi turus.

"Ka sani?"

"A bayan ragar nan na girma, Nunzia. Ina kallon idon Kawu na san abin da yake jira. Shi ya sa na ce ki yarda da ni."

"To me ya sa ka cire? Me ya sa ba ka yi banza da ni ba?"

Ya yi ɗan murmushi mai ciwo.

"Yaushe na taɓa iya ce miki a'a? Mutum dubu huɗu suna cewa ban cancanta ba, ban ji komai ba. Na ce ai akwai mutum ɗaya a cikinsu da ta san ni. Sai na ji muryarta."

"Tsoro ne, masoyina! Tsoron rasa ka ne! Ban taɓa cewa ba ka cancanta ba..."

"Na san ba haka kike nufi ba. Kaina ya sani. Nan ne ya ƙi ji." Ya taɓa ƙirjinsa. "Kwana tara ina gwadawa. Duk sanda na rufe ido in tuno fuskarki, a jikin shingen nan nake ganinki."

"Zan bi ka! Yanzu ma, a haka, mu tafi!"

"Ki bar Kawu da wa? Jiya ya zo gidanmu, ya cire hula a gaban mahaifiyata yana ba ni haƙuri. Mutumin nan ya tsufa cikin sati ɗaya. In kika tafi ba zai kai hunturu ba, ke ma kin sani."

Na sani. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, na sani.

"Bikin fa?" na tambaya da ƙyar.

Ya sunkuyar da kai.

"Na je coci na ga Fada jiya, na ce a soke."

Direba ya danna ham. Na riƙe hannun rigarsa da hannu biyu.

"Ka ce ka yafe min... ko wannan kaɗai ka bar min."

"Tun a fili na yafe miki, rabin raina." Ya sumbaci goshina, hawayensa ya sauka a kumatuna. "Mantawa ce na kasa."

Ya zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yana tsoron kar ya ji min ciwo. Ya shiga ya zauna a ɓangaren da ba ya kallon tasha.

Motar ta tashi. Na bi ta taku uku, na buɗe baki in ƙwala masa kira, in ce ya tsaya, in ce kar ya saurare ni, kar ya sake saurarata har abada in dai zai dawo.

Ko sunansa bai fito ba.