Ringin Babur ɗin Mahaifinsu

Sufeto bai gama rataye hularsa ba wani dattijo ya faɗo ofis yana haki. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma ya riƙo hannun rigar wani bakanike kamar zai yage ta.

"Yallaɓai, an sace min ringin fistan na babur ɗina. A garejin wannan mutumin."

Sajan ya kusa yin dariya. Sufeto kuwa ya miƙe tsaye, don shi a duniya babu abin da ke motsa shi kamar tsohon babur.

Babur ɗin na mahaifin dattijon ne, kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa. Dattijon ya sha wahala kafin ya samo ringin, kuma wanda ya sayar masa ya ce daga su babu saura. In sun salwanta, babur ɗin ba zai sake tashi ba.

A gareji, injin na kan benci a buɗe, fistan a wanke yana jiran ringi. Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa ƙalau. Sifanu masu tsada suna rataye, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Wa ke shiga nan?"

"Ba kowa," in ji bakanike. "Kullum a kulle yake."

"Har lokacin da ka tafi cin abinci?"

Bakanike ya sosa ƙeya. "To, jiya dai na saya ƙofar kawai."

"Ɓarawon da ya bar sifana ya ɗauki ringi, ba sayarwa zai yi ba. Wa ke da irin babur ɗin nan?"

Dattijon ya ce, "Ƙanena. Biyu mahaifinmu ya bari, kowa ya ɗauki ɗaya. Amma shi ba zai yi ba."

"Ba ma za su yi masa ba," bakanike ya ce. "An faɗaɗa silindar wannan, ringin manya ne. Sai an goge bakinsu da magagari, a bar ɗan tazara tsakanin baki da baki, don ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi."

Kan layin su ƙanen akwai wani mai wanki da guga, yana ta shanya fararen kaya yana fito.

"Yau ranar farin cikina ce, Yallaɓai," ya ce. "Maƙwabcina, Mai Hayaƙi muke ce masa. In ya tada babur ɗinsa, ko sauro sai ya yi ƙaura. Yau da safe ya tada shi, ko ɗigon hayaƙi ban gani ba."

Sufeto ya kalli Sajan, idonsa har ƙyalli yake.

Suka tarar da Mai Hayaƙi, wato ƙanen dattijon, a ƙofar gida yana goge babur. Babban yatsansa na dama da na hagu duk a naɗe da filasta.

"Me ya sami hannunka?"

"Wuƙa ce. Albasa nake yankawa."

"Da hannu biyu a lokaci ɗaya? Wanda ya buɗa ringi da yatsa ya san kaifinsa. Tada mana shi mu ji."

Ya buga kik, injin ya ɗauka da wata murya mai daɗi. Sufeto ya sunkuya zai leƙa salansa, inda hayaƙi ke fita, sai kawai mutumin ya haye ya fizgi babur ya hau titi.

"Mota, Sajan!"

Suka bi shi, dattijo da bakanike a baya suna gwara kai. Tsohon babur ya zama ɗan yayi, yana ratsa motoci, masu talla suna watsewa. Dattijon ya leƙo ta taga, maimakon ya ce a tare ɓarawo sai ya ce, "Ji muryarsa, Yallaɓai. Haka na Baba yake yi."

Bakanike shi kaɗai ya dafe kai. "Ku rage gudu, don Allah. In injin babur ɗin nan ya yi zafi, mun shiga uku."

Ba a kai gada ba suka ji ƙara, ƙas. Tayar baya ta kame, ta ja baƙin layi a kwalta, Mai Hayaƙi ya zube cikin ciyawa. Sajan ya ɗago shi, babu abin da ya same shi sai ƙujewa.

"Ni na ɗauka," ya ce, yana kallon ƙasa. "Yaya, shekara da shekaru ana yi min dariya a layi. Kai ka samu, ni ban samu ba."

"Tazara nawa ka bari?" bakanike ya tambaya.

"Ban bari ba. Na goge har baki ya haɗu da baki tsaf. Na ɗauka ta nan hayaƙin ke fita."

Nan bakin titi bakanike ya jira injin ya huce, ya kwance kan silinda. Ringin sun farfashe, sun kakkarce cikin silindar har ƙasa. Ya tattara gutsattsarin a tafin hannu ya miƙa wa dattijon.

Sufeto ya ji takaici har wuya. Ya kama ɓarawo, amma bai ceto komai ba.

Sajan ya sa wa Mai Hayaƙi ankwa. Da za a shiga da shi mota, ya waiwayo. "Yaya, ka yafe min."

Dattijon ya damƙe gutsattsarin a hannunsa.

"Da ka ɗan ƙara gudu kafin ya mutu," ya ce a hankali. "Ban gama jin muryar ba."