Majanyin Filin Madubai

Ku matso. Talle, rufe bakinka haka, kar sauro ya shiga.

Kun san filin madubai na bayan gari, inda injiniyoyi suka zo gwada ko rana za ta iya ba mu lantarki? Madubai ɗaruruwa suna tara hasken rana a kan hasumiya, ruwa ya tafasa, tururi ya juya inji. Kawu Ilu ya yi aiki a can. Shi ke buɗe famfo da almuru, ya zubar da ragowar ruwan zafi.

Kullum kafin ya buɗe sai ya yi bisimilla, ya ce, "A kauce, ruwan zafi." Injiniyoyin har dariya suke masa.

Ran nan aka aiko masa cewa matarsa Asabe tana naƙuda. Shekara tara suna jiran haihuwa. Hankalinsa ya yi gida. Ya murɗa famfo, bai ce komai ba.

Sai ya ji kuka. Siriri. Sau ɗaya.

Ya bi ta tsakanin madubai da sauri. Ga mace tsaye, rungume da abu cikin majanyi. Ya dubi madubin dama, ya dubi na hagu. Shi kaɗai ne a ciki. Ƙafafunta ba su taɓa yashi ba.

"Mai ruwa," in ji ta. "Kullum kana mana magana. Yau fa?"

"Matata ke naƙuda, baiwar Allah."

"Kana da ruwan sanyi?"

Ya miƙa gorarsa. Ta jiƙa abin da ke cikin majanyin. Ta jira. Babu motsi.

"Shi ke nan gare ni," ta ce.

Kawu ya durƙusa. "Ki ɗauki raina. Ki bar mini nawa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta warware majanyin, ta ninke, ta ɗora masa a hannu.

"Mace ce aka haifa maka. A goya ta da wannan. Ni ba ni da na goyawa."

Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai tausayi ya kama ni. Da majanyin aka goyi 'yar tasa Ladiyo, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Amma Kawu har ya rasu bai iya ɗaukarta ba. Da ya miƙa hannu sai hawaye.

Kada wanda ya bi ta filin nan shi kaɗai da almuru. Matar tana nan. Ba ta taɓa kowa, tambaya kawai take, ko kana da 'ya'ya.